Waƙoƙin Uwaisu a Motar Badamasi

Duk wanda ya saba bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san motar Badamasi, ko da bai san sunan mai ita ba. Tsohuwar Fijo ce fara mai dogon baya, wadda ƙofarta ta baya sai da igiya take rufuwa. Ba da gudu aka san ta ba, da kiɗa aka san ta. Tun kafin ta iso shingen Magama, inda ake tsallakawa ƙasar Nijar, masu sayar da rake da ruwan leda ke jin gangar noma na tashi daga cikinta, su ce, "Ga ƙanen Uwaisu nan tafe."

Uwaisu yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, makaɗin noma a ƙauyensu Tudun Kanya da ke yankin Gangara. Bai taɓa shiga gidan rediyo ba, ba a kuma taɓa buga hotonsa a bayan kaset ba. Amma in damina ta sauka aka kira gayya, ba mai duƙawa da garma sai Uwaisu ya rataya ganga. Yakan bi manoma a baya yana kiran kowa da sunansa da na ubansa da na matarsa, har rago ya ji kunya ya ƙara ƙaimi. Badamasi bai gaji kiɗa ba. Hannunsa bai iya ba, murya kuma Allah bai ba shi ba. Abin da ya iya shi ne adanawa. Tun yana saurayi ya sayi 'yar rikoda a kasuwar Maraɗi, duk ranar da aka yi gayya sai ya ajiye mota ya bi yayansa cikin kunyoyi yana ɗauka. Ya ɗauki na noma, ya ɗauki na biki, har da hirar da ake yi a gindin kanya in an zauna shan fura.

Kaset-kaset ɗin nan a akwatin ƙarfe yake ajiye su, ƙarƙashin kujerarsa. Wahalarsu ba kaɗan ba ce. Rana ta lanƙwasa wasu, rediyon motar ya tauna wasu. Sau da yawa fasinjoji sun zauna jiransa a bakin hanya yana naɗe zaren kaset da biro, yana liƙe inda ya tsinke da jan farcen matarsa Bilki.

Shafi'u ne ya raba shi da wannan aiki. Magidanci ne mai shagon cajin waya da tura waƙoƙi a kasuwar Jibiya. Wata rana ya shiga motar, ya ga abin da ake fama da shi, ya ce, "Malam Badamasi, zamanin wannan ya wuce. Kawo mani su in juye maka su duka cikin memori. Abu ne kamar farce, amma sai ya haɗiye akwatin nan naka bai ƙoshi ba."

Badamasi bai yarda da wuri ba. Da ya yarda kuma, shi da kansa yake zama a shagon ana juyewa kaset bayan kaset, don kada ɗaya ya ɓace. Da aka gama, Shafi'u ya haɗa shi da 'yar na'urar nan da ake sokawa a ramin kunna sigari, ta riƙa aika kiɗan cikin rediyon mota. Ba suna take nunawa ba, lamba ce kawai, amma bai daɗe ba ya haddace inda kowace waƙa take. Akwatin kaset kuwa ya kai shi Tudun Kanya ya ajiye a ɗakin mahaifiyarsu, wanda yake rufe tun rasuwarta. A ganinsa can ya fi ko'ina aminci.

Ɓarayin daji suka shiga Tudun Kanya wata Laraba da hantsi, mutane na gona. Badamasi yana Maraɗi yana lodi aka kira shi. Kafin ya iso an gama komai. Sun kashe waɗanda suka kashe, sun ƙona rumbuna da gidaje, sun kora shanu, sun tafi da mutane, cikinsu har da Uwaisu. Ɗakin mahaifiyarsu ba abin da ya rage sai bango. Ya tona tokar ya samu akwatin, abin da ke ciki ya narke ya zama dunƙule ɗaya baƙi.

Waɗanda suka tsira suka watsu. Wasu suka shigo Jibiya suka raɓa a kangaye da zaurukan mutane, wasu suka tsallaka Nijar. Uwaisu ya yi watanni a daji, sai da aka sayar da gonar gadonsu kafin aka sako shi. Ya dawo a rame, haƙoransa na gaba babu, matarsa kuma ta riga ta rasu a gudun hijira. Badamasi ya ba shi zauren gidan da yake haya a Magama. Uwaisu yana cin abinci, yana salla, in an gaishe shi ya amsa. Bayan wannan ba ya cewa komai. In ya ji ƙarar babur sai ya kama bango.

Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe boda. Man fetur kuma dama ya riga ya yi tashin da bai taɓa yi ba. Manyan motoci suka yi layi a bakin shinge har kayan da ke cikinsu suka fara ruɓewa, warin albasa ya cika gari. Masu babur suka koma bin ta daji da fasinja, amma Fijo mai shekaru irin na Badamasi ba ta iya wannan hanya. Duk da haka kullum da safe sai ya fito tasha, don zaman gida ya fi ƙarfinsa. Ya ajiye motar gindin wata dalbejiya, ya buɗe ƙofofi, ya kunna kiɗa a hankali.

Wata la'asar yana kishingiɗe a kujera sai ya ga mace tsaye a gefen mota da farantin awara a ka, ta ƙame kamar an dasa ta. Salmatu ce, mutuniyar Tudun Kanya. Mijinta Mahmudu na cikin waɗanda aka kashe a gona. Waƙarsa ce ke tashi a lokacin:

"Mamuda gojen Tudun Kanya,
Rana ta faɗi ta bar ka duƙe,
Mai garma ba ya jiran inuwa,
Na Salmatu, gero ya san hannunka."

Badamasi ya kai hannu zai kashe. Ta ce, "A'a, don Allah bar shi."

Ta sauke farantin ta zauna a ƙasa, ta jingina da tayar baya. A ƙarshen waƙar akwai inda aka ji wani ya yi dariya ya ce a kawo ruwa. Salmatu ta dafe baki. "Shi ne wannan," ta ce. "Wallahi shi ne. Baban yara ne."

"Shi ne," in ji Badamasi. "A gonar Yusha'u na ɗauke ta, shekarar da aka yi ruwa da yawa."

"Maido mani wurin."

Ya maido. Ta sa ya maido har sau da yawa. Da za ta tafi ta zuba masa awara a takarda, ya ƙi karɓa, ta ajiye a kan kujera ta wuce.

Washegari ta dawo da mata biyu. Kafin mako ya zagayo, duk wani ɗan Tudun Kanya da ke Jibiya ya ji labari. Da la'asar sai su taru gindin dalbejiyar, maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya. Kowa da wadda yake so. Wannan ya ce a sa masa ta ubansa, waccan ta ce a sa mata ta bikin ɗiyarta. Tsoho Yusha'u, wanda aka kashe masa 'ya'ya biyu, ba ya neman waƙa, hirar gindin kanya yake so, inda ake jin muryoyinsu suna gardama kan wani sa. Wani lokaci a yi kuka, wani lokaci a yi dariya, in Uwaisu ya yi wa wani rago zambo kuma ragon na zaune a wurin.

Motar da ba ta tafiya batirinta ba ya riƙe wuta. Sai ya zama kafin a fara sai maza sun tura ta ta tashi, a bar inji na aiki na ɗan lokaci. Man da za a ƙona kuwa su ke haɗawa a sayo a kwalba. Bilki ta yi magana har ta gaji. "Gida ba tsaba, kai kana can kana ƙona mai don mutane su yi kuka," ta ce. Bai musa mata ba, bai kuma fasa ba.

Abin da ya fi so shi ne Uwaisu ya zo. Yana ganin in ya ji muryarsa, ya ga yadda mutane ke yi, wataƙila wani abu ya motsa a ransa.

"Yaya, tashi mu tahi tasha. Mutane na tambayarka."

"Ban zuwa."

"Waƙoƙinka ne ake ji. Salmatu kullum tana can."

Uwaisu ya ɗago ya dube shi, ya sake sunkuyawa. "Bada, ƙyale ni," ya ce.

Sai memorin ya fara ba da matsala. Waƙa na cikin tafiya sai ta yi tsalle, ko ta tsaya cik, ko na'urar ta tsallake ta gaba ɗaya. Ranar da ta bikin ɗiyar wata mata ta ƙi fitowa sam, hankalin Badamasi ya tashi, don ya san ba wani wuri a duniya da waƙoƙin nan suke sai cikin ɗan abin nan. Ya naɗe shi a takarda ya sa a aljihun gaba, ya tafi wurin Shafi'u a ƙafa.

Shafi'u ya soka shi a kwamfuta ya daɗe yana dubawa. "Ya tsufa, kuma zafin mota ya taɓa shi," ya ce. "Da ka ƙara jinkiri da an yi asara duka. Ka bar mani shi, in an samu wuta zan kwashe abin da ya kwasu."

Da Badamasi ya koma, Shafi'u ya miƙa masa sabon memori. "Mafi yawa sun fito. Wasu kam sun tahi, sai haƙuri. Amma na ƙara maka wata. Jiya wani ya kawo waya caji, na ga sunan Uwaisu kan wata waƙa, na ji farkonta na gane muryar. Ina jin ba ka da ita. Ita ce ta ƙarshe."

"Wadda ban da ita?" Badamasi ya yi mamaki, har ya yi murmushi. Tun da aka ƙona garinsu bai ji abin da ya yi masa daɗi haka ba. Ashe akwai wani da ya taɓa ɗaukar muryar yayansa ban da shi. Ya so ya ji ta nan take, amma shagon ya cika da masu karɓar waya, motar kuma sai an tura. Ya ce bari ya bari sai an taru.

A hanya ya haɗu da Salmatu ya gaya mata. Ita ce ta ce yau kam sai Uwaisu ya fito. Ta bi shi har gida, ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe da Uwaisu, ta ce, "Malam Uwaisu, kai kaɗai ka rage wanda ya san su duka. Ko ba ka ce komi ba, ka zo mu gan ka. In ba ka zo don kowa ba, ka zo don marigayi."

Uwaisu ya jawo takalmansa.

Ranar an fi kullum yawa. Mutane suka miƙe suna ba shi hannu, aka shimfiɗa masa tabarma kusa da ƙofar gaba, Yusha'u ya zauna gefensa ya riƙe masa hannu. Aka tura mota ta tashi. Badamasi ya fara da tsofaffin. Uwaisu na zaune kansa a ƙasa, amma Badamasi ya lura yatsunsa na ɗan motsi a kan gwiwa, sai zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce wa jama'a, "Yau akwai wadda ko ni ban taɓa ji ba." Ya danna har ƙarshe.

Ba ganga a cikinta. Jarka ake bugawa. Akwai hayaniyar maza da ƙarar babur a nesa. Sai muryar Uwaisu ta shigo, a shaƙe, amma tasa ce, kuma karin kowa ya gane shi, karin waƙar Mahmudu ne. Salmatu har ta gyara zama.

"Mai Ƙaho gojen cikin dawa,
Rana ta faɗi ta bar ka tsaye,
Mai bindiga ba ya jiran inuwa,
Tudun Kanya ta san hannunka."

Aka yi harbi sama a cikin waƙar, aka yi ihu da dariya. Mai Ƙaho shi ne jagoran waɗanda suka ƙona garin, ba wanda ke wurin da bai san sunan ba.

Badamasi ya kai hannu zai kashe, sai ya danna inda ba nan ba, ƙarar ta ƙaru. Sai da ya fizge na'urar daga raminta sannan aka yi shiru. Inji kawai ke aiki.

Yusha'u ya saki hannun Uwaisu a hankali. Wani daga baya ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wani ya tofar da yawu ya juya.

Salmatu ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta zo gaban tabarmar ta tsaya. "Na san tilasta ka aka yi," ta ce. "Ba sai an gaya mani ba. Amma wagga waƙa tashi ce. Ita kaɗai ta rage mani. Kai da ke da waƙa ba iyaka, ba ka iya yi masu wata?"

Uwaisu bai ɗago ba. "Na nema," ya ce. "Wallahi na nema. Ba wadda ta zo bakina sai ita."

Ta ɗauki farantinta ta tafi. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Yusha'u ne ya rage na ƙarshe, ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," shi ma ya wuce.

Suka koma gida a ƙafa, wa da ƙane. Sai da suka shiga zaure Uwaisu ya zauna ya fara ba da labari, karo na farko tun dawowarsa. Ya ce wani daga cikin ɓarayin ne ya gane shi, ya ce ai wannan makaɗi ne. Suka kwance shi suka ba shi jarka. Ya ce ba ya iyawa. Sai suka jawo Sadiq, ɗan maƙwabcinsu da aka ɗaure su tare, suka ɗora masa bindiga a kunne.

"Na yi masu," ya ce. "Ba sau ɗaya ba. Duk ranar da suka dawo daga wani gari sai a kira ni. Na yi masu da ta Mamuda, na yi masu da ta 'ya'yan Yusha'u, har da ta babanmu. Sadiq kuma bai kai ƙarshen wata ba, zazzaɓi ya kashe shi a ɗaure."

"Yaya, ba laihinka ba ne. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani," in ji Uwaisu. "Amma ka ga yanzu in Salmatu ta tuna waƙar mijinta, sunan wa za ta ji?"

Badamasi ya ce, "Ni na jawo. Da na saurara tukuna."

"Da ba ka sa ba, wani zai sa. A gabana suka ɗauka da waya."

Washegari Badamasi ya koma wurin Shafi'u. Da Shafi'u ya ji, ya kama kai, ya yi ta rantsuwa bai ji ta har inda aka ambaci sunan ba. Ya goge ta daga memorin, ya goge ta daga kwamfutarsa. Sannan ya ce, "Malam Badamasi, gaskiya ita ce, tun jiya mutum nawa suka zo nemanta. Na hana. Amma akwai wasu shaguna, kuma daga waya zuwa waya take tahiya. Ba mai iya tsayar da ita."

Da la'asar Badamasi ya buɗe ƙofofin mota gindin dalbejiya ya jira. Ba wanda ya zo. Ya hango Salmatu da farantinta ta bi ta ɗaya gefen titi. Haka kwana ya bi kwana. Ba masu turi, motar ta daina tashi, tayoyinta suka fara sacewa.

Ba a yi mako biyu ba Uwaisu ya ɓace. Bilki ta kai masa koko da safe ta tarar da tabarma a naɗe, butarsa da bargonsa babu. Wani mai babur ya ce ya sauke wani dattijo marar haƙoran gaba a hanyar daji, bayan an shiga ƙasar Nijar, bai kuma faɗi inda za shi ba. Badamasi ya bi wannan hanya a bayan babur har sau uku. Ya tambaya a Ɗan Isa, ya tambaya a wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune. Ba wanda ya san wani Uwaisu.

Da aka buɗe boda ya samu aka ɗora masa tsohon batir, ya koma hanya. Fasinja ba kamar da ba, shingaye sun ƙaru a ɓangarorin biyu, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Waƙoƙin kuwa in akwai mutane ba ya kunnawa. Sai in ya sauke kowa, ya rage shi kaɗai, ya ɗaga gilasai ya sa ɗaya a hankali, sau da yawa ma ba ya kai ta ƙarshe.

Wata rana sun baro Magama da kaɗan, wani fasinja a kujerar baya ya kunna waya. Jarka ce ta fara tashi. Mutumin na dariya yana ce wa na kusa da shi, "Ka ji mawaƙin ɓarayi. An ce ɗan wajen Gangara ne, tare suke cin abin."

Badamasi ya taka birki ya sauka gefen titi. Ya zagayo ya buɗe ƙofa. "Sauka," ya ce.

"Mi na yi, direba?"

"Sauka mani daga mota."

Mutumin ya sauka yana zage-zage, sauran fasinjoji na ba da haƙuri ba su san kan zancen ba. Badamasi ya sauke masa jakarsa ya ja mota.

Duk inda ya tsaya yana tambaya. Damina ta zo ta wuce. Sai wata ranar kasuwa a Ɗan Isa wani mai sayar da igiya ya ji kwatancen, ya ce kamar ya san mutumin, amma ba Uwaisu ake ce masa ba, Baƙo kawai ake kiransa. Ya kwatanta masa wani ƙauye a yamma da hanya, ya ce ya nemi gidan Malam Zunnuraini.

Badamasi ya sauke fasinjojinsa a Maraɗi ya juyo, ya bi hanyar yashi har inda mota ta iya kaiwa, ya ƙarasa a ƙafa. Malam Zunnuraini dattijo ne mai 'yan awaki da gonar gero a bayan gida. Ya saurari kwatancen har ƙarshe, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Sai da Badamasi ya sha sannan ya ce, "Kai mi kake gare shi?"

"Ƙanenshi ne ni."

"To, sai haƙuri. Allah ya yi mashi rasuwa tun farkon girbi. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe yana jinya ba."

Badamasi ya yi salati ya sunkuyar da kai. Dattijon ya bar shi sai da ya nutsu, sannan ya ci gaba. Ya ce da rana tsaka ya same shi zaune gindin rijiya, ya kawo shi gida. Ya zauna da su yana taya shi kiwon awaki da aikin gona, ba ya neman komai, ba ya shiga taro. Sun tambaye shi garinsu da danginsa, ya ce ba kowa. Da ciwo ya yi tsanani sun sake tambaya ko akwai wanda za a aika wa, ya girgiza kai.

Dattijon ya kai Badamasi maƙabarta a bayan gari ya nuna masa kabarin, an jera masa ƙaya don kada dabbobi su taka. Badamasi ya tsuguna ya yi addu'a. Da suka dawo, Malam Zunnuraini ya shiga ɗaki ya fito da bargo da buta da hula ya miƙa masa.

"Mutumin kirki ne," ya ce. "Sai dai har ya koma ga Allah ba mu san ko shi wane ne ba. Can gida mi yake yi?"

Badamasi ya daɗe yana duban hular. "Manomi ne," ya ce.

"Na ga alama. Hannunshi ya san garma."

Suka yi sallama. Dattijon ya raka shi har wurin mota, ya kira maza biyu daga gona suka taya shi fitar da ita daga yashi. Badamasi ya ɗora kayan a kujerar gaba, ya kama hanyar Jibiya da sauri, don ya tsallaka kafin a rufe shinge.